Makin da Kwamfuta Ta Ƙi Haɗawa

Shekara goma sha tara ina buga tafireta a wata makarantar kuɗi a Doka kafin a sayo mana kwamfuta. Ba yabon kai ba, duk ofisoshin layin nan babu mai saurina. Ina bugawa ina hira, ina daka wa ɗalibai tsawa ta taga, idona ba ya sauka kan yatsuna. Shi ya sa da shugaban makarantar ya tura ni koyon kwamfuta na mako biyu, da raini na je, da raini na dawo.

Aikin farko da aka ba ni shi ne makin jarrabawar 'yan aji uku. Shafi ne mai gida-gida: suna a hagu, makin kowane darasi a gidansa, a ƙarshe na'urar ta haɗa jimla ta jera ɗaliban daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Ranar Litinin na zauna, kafin azahar na gama, na kai wa shugaba ina taku ɗai-ɗai.

Ko minti biyar ban yi da zama ba ya aiko a kira ni. Yarinyar da tun shigowarta makarantar ba ta taɓa sauka daga ta ɗaya ba, ga ta can ta talatin da huɗu. Wani ɗalibi da kowa ya san barci ke kawo shi aji kuma ya zo na uku.

"Malama, mene ne wannan?"

"Yallaɓai, abin da malamai suka ba ni shi na shigar."

"To ranar Juma'a iyaye za su zo karɓar sakamako. Ko dai na'urar ce ba ta da kyau in mayar wa mai ita, ko kuwa hannunki ne bai dace da ita ba in nemo wani. Kafin Juma'a ina so in san wanne ne."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa. A lokacin maigidana ya shekara biyu da barin masaƙa, yara huɗu a gida, wannan kujerar ce ke riƙe da mu.

Na ɗauko takardun malamai na bi su suna bayan suna. Babu kuskure ko ɗaya. Ga casa'in da ɗaya a takarda, ga shi a gilashin na'urar yana kallona. Na haɗa makin yarinyar da biro na samu jimla mai yawa, na'urar kuwa ta ba ni abin da bai kai rabi ba. Na goge na sake bugawa, haka. Na kashe na kunna, haka. Na lura wasu lambobin sun jingina hagu, wasu dama, abin ya yi mini muni a ido, sai na tattara su duka na tsayar a tsakiya. Shafin ya yi kyau, jimlar ba ta motsa ba.

Kwana uku ban iya zama wuri ɗaya ba. In tashi in leƙa taga, in dawo, in sake tashi. A bas ɗin komawa Abakpa ina haɗa maki a ka har aka wuce da ni. Ranar Laraba na zuba wa miya gishiri sau biyu, maigidana ya cinye abinsa haka nan.

Ranar Alhamis malamar lissafi ta shigo neman alli. Dattijuwa ce 'yar Kudancin Kaduna, Mama muke ce mata, ta yi sakatariya kafin ta koma koyarwa. Ta same ni ina zagin na'ura, ta jawo kujera.

"'Yata, bar zagin nan. Buga mini saba'in da ɗaya in gani."

Na buga.

"Sake."

Ina cikin sakewa ta cafke hannuna na dama. "Wannan yatsan ina za shi? Ɗaya ai tana can sama ta hagu."

Na dubi inda yatsana ya tsaya. Tafiretocin da muka koya da su ba su da maɓallin lamba ɗaya. Harafin l, wato ƙaramin L, ake dannawa a madadinsa, a takarda kuma babu mai bambanta su. Haka aka koya mana har ya zama jiki. Ita kuwa na'urar, duk makin da na sa wa harafin nan rubutu ta ɗauke shi, ta tsallake shi wurin haɗawa. Jinginar hagun da na ɓoye da hannuna, ashe ita ce alamar.

Mama ta yi dariya har da hawaye, ta ce ita ma yatsanta can zai je. Da ta ga ban yi dariya ba ta rage murya. "Ni dai ban ga komai ba. Ki gyara abinki. In kin ce na'ura ce ta yi gardama, wa zai musa miki a makarantar nan?"

Na gyara, maki bayan maki, ina kallon yatsuna kamar 'yar koyo. Yarinyar ta koma ta ɗaya.

Da safiyar Juma'a na kai takardar. Shugaba ya duba ya gyaɗa kai. Har ya sa an sauko da kwalin na'urar an ajiye gefen teburinsa.

"To, ita ce ko?"

Eh kawai zan ce a mayar da ita, in koma kan tafiretata. Har yau ban san ko tsoron Allah ne ko girman kai ya hana ni ba.

"Lafiyarta ƙalau, Yallaɓai. Hannuna ne."

Ya saurari bayanina har ƙarshe, ya yi mini godiya, ya ce gaskiya ta yi kyau. Da aka dawo hutu na tarar da wata mata a kujerata, ni kuma an mayar da ni sito da rabin aiki, ina rabon alli da rajista. Ta ƙofar sito nakan hango ta. Da yatsu biyu take bugawa, tana neman kowace lamba da ido kafin ta danna. Ba ta taɓa yin kuskurena ba.