Tawadar Allah a Bayan Kunne

Shekarun baya, lokacin da nake ɗauke da cikin fari, na ɗauka babu abin da ban sani ba game da haihuwa. Ba na fashin zuwa awo a cikin garin Daura, ga waya kullum a hannu ina karance-karance, har ƙawayena da suka riga ni haihuwa nake yi wa gyara. Ni da ko riƙon jariri ban iya ba.

Da cikin ya tsufa aka kai ni goyon ciki gidanmu, wani ƙauye ta wajen Sandamu. Ni ce 'yar fari a wurin mahaifiyata, kuma tun tasowata ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In ina kusa ta ce "ke", in ba na nan ta ce "waccan". Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, haka muka tarar ana yi. Saboda haka gwaggona, ƙanwar mahaifina, ita ta karɓi hidimata, kuma tun ranar da na iso ta ja mini kunne.

"In kin sauka, ban da rawar kai," in ji ta. "Kada in ga kina rungumar ɗa kina leƙa fuskarsa a gaban mutane. Ki yi yadda uwarki ta yi."

Naƙuda ta zo mini kafin lokacin da aka ɗiba. Na haifi namiji, ɗan ƙarami sosai. Nono bai kawo ba tukuna, shi ma ba shi da ƙarfin kamawa, sai mahaifiyata ta naɗe shi cikin zannuwa ta riƙe shi a jikinta don ya ji ɗumi. Ita kaka ce, babu kunya tsakaninta da shi. Ina jin ta tana tsokanarsa, wai wannan mijin nata ko kuɗin cefane ba zai iya ɗauka ba.

Ni kuwa na bi umarni. Mata suna shigowa barka, ɗaki ba ya rabuwa da mutane, duk wadda ta miƙo mini shi sai in kau da kai in ce a ba wance. Abin da na iya sata da gefen ido bai wuce gashin kansa da ɗan hannunsa ba. A raina ina cewa gaggawar me nake yi? Bari a yi suna, a gama wanka, in koma ɗakina in rufe ƙofa in kalle shi har in gaji.

Ba a kai ga sunan ba. Wata safiya numfashinsa ya sauya, mijina da mahaifiyata suka tafi da shi asibiti a Daura. Kafin la'asar na ji salati daga zaure. Gwaggo ta ce in taso in yi masa addu'a kafin a fita da shi, ban iya tasowa ba har aka fita da gawar. Mata suka yi ta shigowa, waɗanda suka zo barka su ne suka dawo suna cewa Allah ya sa mai ceto ne.

Washegari na tashi ƙirjina ya cika ya yi tauri kamar dutse, gaban rigata sharkaf. Nono ya kawo. Duk karance-karancen nan nawa, ban taɓa sanin jiki ba ya samun labarin mutuwa ba. Shi dai ya san an haihu, ya shirya abincin ɗa. Ashe wankan jego ma ba a fasawa. Itacen da mijina ya tara yana nan, safe da yamma a tafasa ruwa, a dama kunun kanwa a ajiye mini, komai na mai jego ina yi, ɗan ne kawai babu.

Abin da ya fi karya mini zuciya shi ne jaririyar maƙwabtanmu. Da ta tsanyara kuka ta bayan katanga sai in ji nono ya tsarga, ya fara zuba da kansa. In ja mayafi in rufe, in cije leɓe. Ban faɗa wa kowa ba, har zazzaɓi ya fara kama ni.

Mahaifiyata ce ta lura. Ran nan da hantsi ta ce wa Gwaggo ta huta, ta karɓi ganyen darbejiyar wankan da kanta. Tun da na yi wayo ban tuna hannunta a jikina ba sai ranar. Bayan wanka ta zaunar da ni a ɗakinta, ta yagi tsohon zane tana ɗaure mini ƙirji. Ban san lokacin da magana ta kuɓuce mini ba.

"Inna, ban san fuskarsa ba. In na rufe ido ba na ganin komai sai zanen da kika naɗe shi."

Ta gama ƙulla zanen. Sannan ta fara lissafa mini, a hankali: goshin ubansa, hancinsa ɗan siriri, leɓensa na ƙasa yana ɗan shigewa ciki in yana barci.

"Kunnen kuwa naki ne," in ji ta. "Har tawadar Allah da ke bayan na hagu, daidai inda taki take."

Na ce, "Ni ina da tawadar Allah a bayan kunne?"

Ta kamo yatsana ta ɗora a wurin. "Tun ranar da na haife ki. Kina tsammani don ba na kiran sunanki ban san jikinki ba? Ni na samu lokacin satar kallo. Ke ce Allah bai ba ki ba."

A nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi. Ba ta ce in yi haƙuri ba, ba ta kuma ce in daina ba. Ta bar kaina a kan cinyarta har aka kira azahar.

Nonon ya ƙafe a hankali kafin in yi arba'in. Daga baya Allah ya ba ni wasu 'ya'yan, kuma kowannensu tun yana ɗumi nake karɓarsa in ƙare masa kallo, ko wa ke ɗakin. Gwaggo ta yi mita har ta gaji. Ba na zargin kowa, kwanansa ne ya ƙare, kuma har gobe ina ganin kyan kunya. Amma in mai cikin fari ta zo neman shawara, ba na yi mata dogon bayani irin na da. Ina dai ce mata ta kalli ɗanta.

Mahaifiyata ta rasu ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma da ita fuskarsa ta tafi, don babu wanda ya san fuskar kamar ita. Ban taɓa ganin tawadar nan da idona ba, ko da madubi. Amma har yau, in jaririn wani ya yi kuka ta bayan katanga, sai in tsinci yatsana a bayan kunnena na hagu.