Wasan da Yaya Salisu Ya Bari a Ƙafar Mota

Shekara goma sha biyu ke nan cif da muka kai yayana Salisu makwancinsa a Kiru, amma har yau in ka shiga tashar Kwanar Dangora ka tambayi tsofaffin direbobi inda garejinsa yake a da, sai wani ya ce, "Au, Salisu Mai-wasa?" Sai kuma 'yar dariya ta biyo baya. Wannan dariyar ce ta kai ni bango. Na yi shiru shekara da shekaru don shi ya so a yi shirun. Yau kam zan yi magana, wanda ya ji haushi ya sha ruwan sanyi.

Bari in fara yi wa wanda bai san mota ba bayani, don a nan aka cuce shi. Ni malamin makaranta ne, ban taɓa cin abinci da sifana ba, amma na zauna a garejin nan har aikin ya zauna min a kai. Tsofaffin a-kori-kura irin na da, in aka ɗaga bayansu a jak, aka kama taya da hannu biyu aka ja aka tura, za a ji ta ɗan motsa ciki da waje. Wannan motsin shi makanikai ke kira wasa. In ya yi yawa, sandar aksul ta dinga dukan boris har ta farfasa shi. In babu shi sam, ƙarfe ya yi zafi a hanya ya rasa inda zai miƙe, boris ya ƙone, taya ta cije ko ta fice gaba ɗaya. Gwanintar duka ita ce a bar ɗan kaɗan, kamar kaurin takarda. Yaya da gwangwanin madara yake yanka 'yan siraran zobba, ya jera su bayan farantin da ke riƙe boris, ya ɗaure, ya girgiza, ya kwance, ya ƙara ɗaya ko ya zare ɗaya. Sai ya shafe rabin yini a kan ƙafa guda. Mai mota na ta tsaki, shi ko a jikinsa. Kunne yake kafawa a jikin taya, sai ya ji ɗan ƙas ɗin da yake nema sannan ya ce a sauke.

Wata shekara da kaka aka kawo masa wata a-kori-kura mai jigilar masara da fasinja tsakanin Tudun Wada da Doguwa. Ya gyara ƙafar baya, ta tafi. Kwana huɗu da haka, a wani gangare kusa da Doguwa, tayar ta fice, motar ta kife. Wata dattijuwar Bafulatana da ta fito daga ruga da ƙwaryar nononta ta shiga motar ta rasu nan take, Allah ya jiƙanta.

Aka taru a ƙofar gidan dagacin ƙauyen, ga dangin mamaciya, ga mai mota, ga direba da karyayyen hannu a ɗaure. Ina wurin. Dagacin dattijo ne manomi, bai san kan mota ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ya ce, "Malam Salisu, direba ya ce da ya karɓi mota ya ji wasa a ƙafarta. Ka bar wasa a aikin nan?"

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, na bari. Ai dole a bari."

Wuri ya ɗauki salati. Ɗan marigayiyar ya miƙe, ya ce, "Kun ji shi? Da ran uwata ya yi wasa, kuma wai dole!" Yaya ya yi ta bayani da baki da hannu, ina! Kafin la'asar magana ta riga mu isa Kwanar Dangora, wai Salisu da bakinsa ya amsa ya yi wasa da aiki. Abin da ya fi ƙona min rai, makanikan tashar da direbobinta sun san sarai me kalmar ke nufi. Babu wanda ya buɗe baki. Sun san in garejinsa ya bushe nasu ne zai cika.

Ya kuwa bushe. An yi sulhu, ba a je kotu ba, amma mutumin da ake turo wa mota tun daga Bebeji ya koma facin taya da gyaran injin ban-ruwa. Shekara shida ya yi a haka, hawan jini ya kwantar da shi, har Allah ya karɓi ransa.

Bayan sadakar arba'in matarsa ta kira ni, ta miƙo min wani ƙullin tsumma daga ƙasan akwatinsa. Zobba uku ne na gwangwanin madara, yankan hannunsa, har da sauran giris a jiki. Ta ce bayan zaman gidan dagaci ya je ya duba motar, ya tarar da su a cikin kayan sifanun direban. Ashe direban ne ya ji ƙas-ƙas ɗin, ya ɗauka sakaci ne, ya kwance a bakin hanya ya zare su, ya ɗaure tam. Yaya ya ce mata in ya fito da su dangin matar ba za su ƙyale direban ba, ga shi da ƙananan 'ya'ya. Ya ce shi zai iya ɗauka. Ya kuma roƙe ta kada a tayar da maganar. Wallahi ranar na yi kuka, na kuma ji haushinsa. Haba Yaya!

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga garejin yanzu. Na'ura ake maƙala wa mota ta faɗi ciwonta, boris a rufe yake zuwa cikin kwali, a cire tsoho a jefar. Ba zai yi gaba da na'ura ba, mutum ne mai son sabon abu. Zai dai tambayi mai ita ko ya taɓa sa kunne a jikin taya. Ɗansa na fari, Auwalu, yana da gareji a Tudun Wada, kuma masu lallaɓa tsofaffin motoci wurinsa suke zuwa, don shi kaɗai ya rage mai haƙurin wannan aiki.

Da damina wani ya kawo masa mota, har an ɗaga ta a jak, sai aka raɗa wa mai motar ɗan wane ne. Ya ce, "Ɗan Mai-wasa? A'a, sauke min, ina da iyali." Auwalu magidanci ne mai 'ya'ya uku, da bakinsa ya ba ni labarin. Nan haƙurina ya ƙare. Yaya ya ɗauka shi kaɗai zai ɗauki kayan, ya manta cewa shi suna gadonsa ake yi.

Na fara zuwa ruga wurin ɗan marigayiyar, na shaida masa komai. Ya ce, "Malam, mun zalunci bawan Allah. Direban kuma na bar shi da Ubangijinsa." Daga nan na wuce tasha. Direban ya tsufa, yanzu lodi yake kira. Na zuba masa zobban a tafin hannu, ya gane su tun kafin in yi magana.

Ya ce, "Malam, abin nan ya wuce. A bar wa Allah."

Na ce, "Bai wuce ba, Baba. Yana kan 'ya'yansa. Ka faɗa da bakinka a gaban mutanen nan."

Ya ce zai yi tunani. Wata uku ke nan yana tunanin.

In na auna abin da ya rage na Yaya, hannunsa yana hannun Auwalu, kuma akwai gida guda da ya girma da uba a ciki saboda shirun da ya yi. Wannan ladansa ne, ba na taɓa shi. Amma ni ban gaji irin haƙurinsa ba. Ban rubuta sunan direban ba, iyakar abin da zan iya riƙewa daga roƙon Yaya ke nan, kuma a Kwanar Dangora babu wanda bai san wanda ya tuƙa motar nan ba. Yaya, na karya maka shirunka. In ka yafe, alhamdu lillahi. In ba ka yafe ba, ka jira ni a can, ni ma ina da ƙarar da zan shigar.