Launin bangon zaurenmu

Jiya da la'asar ina zaune a ƙofar gidanmu a Zaitawa, kwamfuta a cinya, ina kallon bangon zaurenmu na ƙasa da za a rushe bayan Sallah a sa bulo.

Launinsa nake so in sa wa manhajar da nake rubuta kod, wato umarnin kwamfuta, a cikinta. Da, kowane canji sai na rufe ta na sake buɗewa, kafin nan rana ta gusa, launin ya gudu. Haushi ya sa na haɗa ɗan guntun kod: ina taɓa launi, allon ya canza nan take.

Baba ya dawo daga masallaci, ya tsaya a kaina.

"Me kake nema a jikin bango?"

"Launinsa, Baba."

Ya daɗe yana kallon allon. "Ƙara ja kaɗan. Ranar da aka kawo marigayiya babarku, yaɓen bai gama bushewa ba."

Na ƙara a hankali, har ya ce, "Tsaya nan."

Bangon zai tafi, amma kullum a cikin launinsa zan yi aiki. Ku fa, wane launi ne gidanku na ƙuruciya?