Tsumman Baba da Igiyar Ƙarfe

Ko na tsufa ba zan manta ranar da wani tsumma ya rufe mini baki ba. Lokacin ina aiki a wani siton katako a Dubai Investments Park, tare da wani dattijo ɗan Taraba da muke ce wa Baba. Ya yi shekaru yana sarar itace a tsaunukan Kamaru. Bizarsa ta kusa ƙarewa, manaja kuma ya fara cewa ba shi da sauri. Ƙila ba za a sabunta masa ba.

A hutun rana mukan kalli wani shirin talabijin na masu sarar itace, suna jawo gumagumai daga kwari da igiyar ƙarfe, ana ihu ana guje-guje. Ni sai in yi ta tsokanarsa.

"Baba, ga maza can. Kai kuwa tafiyar hawainiya."

"Ɗana, wannan don kamara ake yi," in ji shi. "Mu sai an duba igiya taku-taku kafin a ja."

Dariya na yi. A lokacin gani nake na fi kowa sani.

Rannan wani ɗaurin katako ya maƙale cikin kwantena. Aka ɗaura masa igiyar ƙarfe, za a ja da mota. Manaja yana ta "Yalla, yalla!", wato a yi sauri. Ni kuma na tsaya dab da igiyar ina ba direba hannu, kamar mutanen shirin.

Baba ya ce a dakata. Ya naɗe igiyar da tsumma, ya bi ta a hankali yana shafawa. Kunya ta kama ni, na ce yau kam ya kori kansa. Can tsakiya tsumman ya sarƙe. Ashe zaruruwan ƙarfen sun tsintsinke a ƙarƙashin baƙin mai, ido ba ya gani.

Manaja ya ce ai za ta ɗauka. Baba ya ce to, amma kowa ya koma bayan bango. Da aka ja sai ta tsinke, ta zabga wa ƙofar kwantenar bulala daidai inda kaina yake ɗazu. Sai na zauna a ƙasa.

Manaja ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya ce wa Baba, "Khalas, shi ke nan. Daga yau ba a ja sai ka duba." A makon aka sabunta masa biza.

Tun ranar na koyi cewa in ka ga wanda ya san aiki yana jinkiri, kada ka yi masa dariya. Akwai abin da ya taɓa gani wanda kai ba ka gani ba tukuna.