Kwadon Malam Labaran

Malam Labaran mutumin Unguwar Kanawa ne, kuma tun zamanin kwamfuta mai ƙatuwar ƙeya yake riƙe da shafin intanet na wata makaranta a Unguwar Rimi. Ko firinta ce ta shaƙe, sunansa za ka ji ana kira. Duk duniya ba abin da ya kai masa wannan kiran daɗi.

Kwatsam sai ga Nafisat, sabuwar ma'aikaciya, wadda a haife ya haife ta. Ta leƙa sabar, wato babbar kwamfutar da shafin yake kai, ta gaya wa mai makarantar, Hajiya Harira, cewa kwadon tsaron shafin, mai ɓoye bayanan iyaye, ya tsufa. Ta rufe wasu tsofaffin ƙofofin shiga shafin, ta auna a shafin gwaji, makin tsaro ya tashi. Hajiya ta yabe ta a gaban malamai. Wayyo Labaran! Ranar ko tuwo bai wuce masa ba. Kishi ya ci shi ƙwarai. Yarinyar da ta zo jiya-jiya ita za a koma kira?

Ranar Juma'a da aka tashi, kafin ya wuce masallaci, ya zauna ya ce bari ya nuna mata iyakar kulle. Duk ƙofar da ta bari sai da ya datse, har maki ya ƙure. Ya gwada da sabuwar wayarsa, shafi ya buɗe tas. Bai tambayi dalilin da ya sa ta bar su ba. Haba, shi zai tambaye ta?

Ashe don masu tsofaffin wayoyi ta bar su. Asabar aka saki sakamakon jarrabawa a shafin. Litinin iyaye suka cika ƙofar ofis, wasu tun daga Rigachikun, kowa na ɗaga wayarsa, shafi ya ƙi buɗewa.

Hajiya ta fito a fusace. Labaran ya miƙe, ta wuce shi kamar ba ta gan shi ba.

"Ina Nafisat?"

Nan da nan yarinyar ta gyara. Hajiya ta ce wa ya taɓa? Nafisat ta ga sunan Labaran ƙarara a sabar, amma ta sunkuyar da kai.

"Ranki ya daɗe, gwaji na yi, na manta ban mayar ba."

Faɗan da aka yi mata a kunnensa aka yi shi, amma bai fito ya ce shi ne ba. Da ma ta tona shi, da ya samu dalilin ƙin ta. Yanzu kullum da safe sai ta rusuna ta ce, "Baba, ina kwana?" shi kuwa dole ya amsa.