Gyaran da Ya Kashe Ƙarar Kekena

Shekarar da aka tura ni koyarwa Takanamat, kayan da na ɗauko daga Damagaram ba su da yawa: katifa, tukwane, akwatin tufafi, sai keken ɗinkin marigayiya mahaifiyata. Baƙin keke ne na ƙafa, ya girme ni, adon jikinsa duk ya goge a inda hannunta ke dafawa. Ni ban iya ɗinkin kirki ba. Faci nake yi, da kalmasa bakin zane, da rage ƙugun siket.

Keken nan akwai surutu. In na taka shi sai ka ce ana sussuka a cikin ɗaki. Tun ina yarinya haka na san shi, don haka bai taɓa damuna ba.

Ban san kowa a garin ba, Hausata ma dariya take ba ɗalibaina. Watannin farko in na taso daga lakwal, wato makaranta, daga ni sai bango. Da na fara taka keke bayan la'asar don rage zaman shiru, sai maƙwabciyata ta yi sallama. Dattijuwa ce, katanga ɗaya ta raba mu, ina ce mata Inna. Ta zo da wani tsohon zane wanda facinsa ya fi asalinsa yawa. Bayanta wasu mata suka biyo, yawanci waɗanda mazansu suka tafi biɗa Abijan ko Libiya. Ba na karɓar komai. Su kawo fura, su baje a tabarma, su yi ta tsokanata wai na ƙi aure na auri ƙarfe. Wannan zaman na la'asar shi kaɗai nake da shi a garin, kuma saboda shi nake ɗokin tashi daga aji.

Don haka na riƙe keken kamar jinjiri. Ranar da babu lakwal in kwance farantin ƙarƙashin allura, in share rairayi da gashin kaza, in ɗiga mai a kowane rami, in rufe shi da zane. Man keke da allura sai birnin Tawa ake samu, duk malamin da zai shiga gari sai na ɗora masa saƙo har suka fara gudu na.

Da zafi ya kankama, keke ya fara tsinke zare yana tsallake ɗinki. Wata rana ya tauna gefen zanen Inna. Na ce musu zan kai shi Tawa. Ban san lokacin da bakina ya suɓuce ba, na ce shi kaɗai ya rage mini na mahaifiyata, in bai gyaru ba ban san inda zan sa kaina ba. Har da hawaye, abin kunya. Inna ta ce, "Allah shi sa shi gyaru, ɗiyata. Bari kuka."

Na cire kan keken, na naɗe shi a bargo, na rungume shi a bayan motar kasuwa tsakanin buhuna da awaki. Mai gyaran wani tsoho ne a wata rumfa bayan babbar kasuwa, kawunan kekuna jere a gabansa. Ya juya nawa sau ɗaya, ya kalle ni ta saman tabarau.

"Malama, wanga keke ko injin niƙa?"

Na ce, "Baba, haka na gan shi."

"To wahala kig gani. Ƙarhe na cin ƙarhe ciki, mai bai maganin wanga."

Ya ce sai an canza gidan kwarkwaro da wasu ƙananan ƙarafa, ga bel ɗin ma ya gaji, kuma irin kayan tsohon keke sai an yi aike Konni. Na bar shi na koma. Makonnin da na yi babu keke, la'asar ta zame mini abin tsoro. Da na koma ɗauka kuwa, kuɗin gyara da na mota suka cinye mini albashin watan, har ƙarshensa garin rogo nake jiƙawa. Ban yi baƙin ciki ba ko kaɗan.

Ranar ɗaukar, tsohon ya ɗora kan keken a teburinsa, ya taka. Allura na hawa tana sauka, ɗinki na fita sumul, amma ba ka jin komai sai ɗan huci. Ya yi murmushin jin daɗin aikinsa.

"Yanzu ko jinjiri na kwana kusa, ba ya tashi."

Na yi ta godiya. Na iso gida gab da magariba, keke a cikin bargo, kowa na cikin gidansa.

Washegari bayan la'asar na share tsakar ɗaki, na shimfiɗa tabarma, na zauna ina kalmasa wani mayafi nawa. Babu wanda ya yi sallama. Jibi ma haka. Ina jin dakansu da dariyarsu ta bayan katanga. Na ɗinke duk abin da ya yage a gidana, har wanda bai yage ba na farke na sake.

In mun haɗu da Inna a hanya sai ta gaishe ni da wata irin murya mai laushi, ta tambayi aiki, ta tambayi zafi, ta wuce. Ko sau ɗaya ba ta ambaci keke ba. Rannan na ga jikarta da riga mai sabon faci, ɗinkin telan kasuwa. Sai zuciyata ta ɗauki zafi. Na ce ashe dama faci ya kawo su, sun samu wani sun manta da ni. In fita in bi gida-gida ina cewa keke ya dawo, ku zo ku taya ni zama? Ni ba mai talla ba ce. Na rantse a raina ba zan fara magana ba, kuma ina da taurin kai, na cika rantsuwata. Kaɗaicin da na sha a watannin nan ban taɓa shan irinsa ba.

Ƙarshen shekarar karatu aka mayar da ni Tawa. Ranar tafiya matan suka taru a ƙofar gida, wata da busasshiyar kuɓewa, wata da ƙwai. Da aka fito da keken za a ɗora a mota, Inna ta shafa shi, ta ja ni gefe.

"Ki yi haƙuri, ɗiyata. Ko bai aiki, ki aje shi, abin uwa ne."

Na ce, "Inna, ai yana aiki. Tun ranar da na dawo da shi kullum sai na taka."

Ta tsaya tana kallona.

"Kullum?"

"Kullum bayan la'asar."

Ta juya ta dubi sauran matan, sannan ta dubi katangar da ta raba mu.

"Mu da munka ji shiru, cewa munka yi ya mutu. Munka ce kar mu shigo da tsummokaranmu mu tada maki ciwo." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Ni ko la'asar ba ta taɓa yi ba ban aje tabarmata jikin bangon ga ba. Ina saurare."

Direba ya danna oda. Na shiga mota, keken na ɗaure a baya.