A-kori-kurar da Ta Kai Baba Gida

Mahaifina ya ce shi ba zai shiga garinsu a akwati ba. Ya faɗi haka ne wata damina, a ɗakin baya na gidana a Sabon Tasha, inda yake kwance tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Shekara da shekaru shi ne kan gaba a ƙungiyar 'yan garinmu mazauna Kaduna idan an yi rasuwa. Shi zai nemo mota, shi zai zauna kusa da gawa har ƙauye, don mu mutanen kudancin Kaduna ba ma barin namu a maƙabartar birni in da hali. Ya ce ya gaji da ganin yadda ake shiga gari da mutum, kowa yana kiran sunansa shi ba ya amsawa. Shi yana so ya amsa gaisuwa da bakinsa. Likita kuwa ya riga ya ja ni gefe ya ce mu yi masa abin da yake so, kuma kada mu ja lokaci.

Baba ba ya iya zama, balle a cusa shi a bas. Hanyar da ta rabu da kwalta ta nufi ƙauyenmu kuma, da zarar ruwa ya sauka ƙaramar mota ba ta ko sunsuna ta. Abin da ya rage a-kori-kurata ce. 'Yar Kwatano ce, na saye ta a shekarun da soja suka koma bariki, lokacin da masaƙu ke rufewa kowa ya koma neman abin yi da hannunsa. Ni kaji na kama, a wani fili a Kakau. Motar ke kai musu abinci, ita ke dawo da ƙwai gari, ni kuma ke tuƙa abata.

Ana cikin shirin tafiya sai wata 'yar wuta ruwan ɗorawa mai hoton inji ta kama a gaban sitiyari, wadda makanikai ke kira cek injin. A miƙaƙƙiyar hanya motar lafiya lau take. Amma da an zo hawa, in na taka totur sai ta yi tari, ta dinga fizga tana ja da baya kamar jakin da kaya suka fi ƙarfinsa. Hanyar garinmu kuwa daga Kachia zuwa gaba hawa ce da gangara.

Yayana, wanda ke aiki a wata masana'anta a Kudenda, ya ce ina neman ɗaga hankalin mutane a banza. A cewarsa babu motar Kwatano a garin nan da wutar nan ba ta ci a cikinta. Ko dai a kai wa mai riwaya, mai gyaran wayoyin mota, ya cire ƙwan wutar, ko a manna baƙin salatif a kai, har ma akwai abokinsa da ya rufe tasa da sitikar coci. Da gaskiyarsa ta wani gefen, haka kowa ke yi. Na ce masa in ƙwai zan kai kasuwa da na manna salatif ɗin da hannuna, ta mutu a hanya in nemi mai turawa. Amma ba zan ɗauki Baba in tsaya da shi a tsakiyar daji ba, inda waya ba ta shiga, hadari yana haɗuwa a kanmu. Ya ce taurin kaina ne zai sa tsoho ya mutu a ɗakin baya. Maganar ta soke ni ƙwarai, don ni ma tsoron da nake kwana da shi ke nan. Duk da haka ban ba shi makulli ba.

Bakanikenmu na kullum ya canza fulogi, ya saurari injin, ya ce shi kunnensa bai ji komai ba. Shi ya tura ni wurin wani mutumin Binuwai da ke bayan kasuwa, wanda ya zo da sabon abu a lokacin, wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari ta faɗi abin da ke damun mota. Mai kwamfuta ake ce masa, kuma yana ji da sunan. Ya jona, wasu haruffa da lambobi suka fito, ya buɗe wani littafi duk maiƙo ya duba. Ya ce injin yana shan iska da yawa, man da ke shiga bai kai ba. Na ce to ta ina? Ya sosa ƙeya.

"Madam, kwamfuta ta faɗi ciwo ne kawai. Wia e dey, inda yake, ba ta faɗa. Wannan sai mun nema."

Na ji daɗin wannan amsa, don wani da sai ya ƙirƙiro mini ƙarya. Ya ce ko mai ne ba ya isowa, ko 'yar sensar da ke auna iska ce ta yi datti, ko kuma iska na satar hanya ta wani wuri. Muka fara da mai, don a lokacin layin gidan mai ya sa kowa ya sha na 'yan bumburutu, kuma Allah kaɗai ya san abin da ke cikin galan ɗinsu. Da aka ciro filtar mai, abin da ya zubo daga ciki kamar ruwan kwata. Na ce alhamdu lillahi, an kama ɓarawo. Aka sa sabuwa, ya goge wutar da na'urarsa, na loda buhunan abincin kaji na kama hanyar Abuja don gwaji. Ban kai Kakau ba ta yi tarinta, wutar ta dawo.

Washegari aka ciro sensar aka wanke. Gwaji ya sake nuna mana ba mu yi komai ba. Mai kwamfuta ya fara maganar a aika Legas a kawo sabuwar sensa da famfon mai, a yi ta canzawa har a dace. Wannan kuma maganar mako da makonni ce.

Kullum in na dawo da yamma sai na shiga wurin Baba da kunun acca, shi kaɗai yake iya haɗiyewa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kira na. Da farko yakan tambaya ko gobe ne, in ce jibi da yardar Allah. Daga baya ya daina tambaya. Ranar da aka wanke sensar ya sha cokali biyu ya kau da kai, ya dubi bango.

"Uwata, motar tana da lokaci. Ni ne ba ni da shi."

Na fita na zauna a bakin famfo na yi kuka. Na ji haushin motar, na ji haushin yayana da maganarsa ke neman zama gaskiya. Amma da na wanke fuskata, shawarata tana nan inda take. Shi ma Baba ai ba a taɓa lanƙwasa shi ba in ya kafe, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da safe na koma wurin mai kwamfuta na ce saura maganar satar iska, ita ba mu taɓa ba. Ya ce ya bi duk tiyon da ido da hannu bai ga tsaga ba. Ya ce a ƙasar Turawa akwai injin da ke hura hayaƙi cikin hanyar iska, duk inda ya fito nan ne ɓarakar, amma shi bai taɓa ganin irinsa a Kaduna ba. Ya faɗa ne don in haƙura. Ni kuwa sai na tuna maƙwabcin gonata a Kakau, wani dattijo ɗan Filato mai kiwon zuma. Yana da wani gwangwani mai baki kamar buta, da 'yar zugazugi a baya, da shi yake busa wa zuma hayaƙi kafin ya ɗebi saƙa. Na je na gaya masa abin da ke ciki. Bai tambaye ni komai ba, ya miƙo mini har da busasshiyar totuwar masara ta hurawa.

Da na sauke gwangwanin a gareji makanikai suka taru suna dariya, wani ya ce Madam ta zo yi wa mota turaren aljanu. Na ce eh, kuma in aljanin ya fito shi zai fara kamawa. Muka bari injin ya huce. Mai kwamfuta ya toshe bakin da iska ke shiga da leda da roba, ya zare wani siririn tiyo, muka cusa bakin gwangwanin. Ina zuga, yana leƙe da tocila. Hayaƙi ya cika ciki, babu abin da ya fito. Hannuna ya gaji, idona yana ta ruwa. Sai na ce masa ai a tsaye ba ta ciwo, sai a hawa, lokacin da injin ke jijjiga yana karkata. Ya dube ni, ya kama babban baƙin tiyon nan mai ninki-ninki ya ɗan lanƙwasa shi. Nan take wani farin hayaƙi siriri ya sulalo daga ƙasa. Tsaga ce a cikin ninkin, ta gefen da ido ba ya kaiwa, tana rufe bakinta in mota na tsaye.

Dariya ta koma kan wanda ya yi maganar aljanu. Kafin azahar an samo irin tiyon a wurin masu kayan Kwatano an ɗaura. Na cika bayan motar da buhuna har ta zauna, na nufi Kakau, na wuce, na nemi duk wani hawa da na sani na taka ta ba tausayi. Ta haye ba tari, gaban sitiyari kuwa duhu. Na dawo na sake hawa don in tabbatar wa zuciyata.

Washegari muka tashi da sassafe. Matan zumunta na cocinmu suka zo suka yi addu'a a ƙofar gida. Aka shimfiɗa katifa a baya, aka ɗaura tampol a kan ƙarafa, yayana ya zauna ya tallafe kan Baba a cinyarsa. Ban ce masa na gaya maka ba, ko da yake maganar ta zo har bakina. Baba ya rame sosai a 'yan kwanakin nan. Da muka ɗaga shi, nauyinsa bai kai na buhun dusa ba.

Ruwa ya same mu bayan Kachia. Na sa ido a hanya, rabin hankalina yana kan gilashin baya. Kowane hawa muka zo sai in riƙe numfashi, motar kuwa ta yi ta ja abinta. Muka bar kwalta muka shiga jar laka, ta yi ta wutsil-wutsil da gindi amma ba ta tsaya ba. A kan hawa na ƙarshe, wanda daga samansa ake hango duwatsun garinmu, sai na ji ana buga gilashi da ƙarfi.

Na taka birki. Na ce shi ke nan, na makara da shi. Ban san yadda na fito na zagaya baya ba.

Idon Baba a buɗe yake. Yayana ya ce Baba ne ya ce a ɗaga tampol, a tayar da shi. Muka tallafe shi mu biyu. Ruwa ya tsagaita, ga gonakin citta kore shar, ga hayaƙi yana tashi daga gidaje a gindin dutse. Ya daɗe yana kallo. Wata tsohuwa ɗauke da itace ta tsaya ta ƙura masa ido, sai ta saki itacen, ta kira shi da sunan yarinta da ni ban taɓa ji ba, ta gaishe shi da yarenmu. Ya amsa mata. Murya ƙasa-ƙasa, baki a karkace, amma ta ji.

Sannan ya juyo da ido wurina.

"To, Uwata, yanzu tafi a hankali. Ba sauran sauri."